Shekarar da Aka Kankare

Kwana arba'in bayan an sare kan Kaisar a kudu, magina suka gama kankare sunansa daga gadar Treveri da ƙofofin birnin. Sabon Kaisar ya kafa doka cewa kada a rubuta sunan, kada a furta shi. Wanda ambatonsa ya zame wa dole, ya ce Azzalumin.

Artula ba ta taɓa ganin ko ɗaya daga cikin sarakunan biyu ba. Wankin ulu take yi a wata rumfa kusa da kogi. Abu guda ya haɗa ta da mamacin: uwargijiyarta Marsella ta 'yanta ta a shekarar da aka raɗa wa sunansa, kuma kamar kowace takarda a daular, takardar 'yancinta ma da sunan shekara ta fara.

Marsella ta rasu da kaka. Ɗan ƙanenta Sekundinus ya gaji gidan, ya kai ƙara cewa Artula tana cikin kayan gado.

Ana gobe shari'a ta koma ofishin magatakarda Leontiyus, zuwa na uku ke nan. Ta ajiye takardar fatar a gabansa. Ya janye hannuwansa daga teburin.

"Iya, kin sake dawowa? Na ce ki kawo takarda mai kyau."

"Ita ke nan, ranka ya daɗe. Kai ne ma ka rubuta ta."

"Sassauta murya, don Allah."

"To in kankare sunan?"

"Kika kankare, babu shekara. Takardar da ba ta da shekara kuwa, ki naɗe kifi da ita."

"To in bar shi."

"Kika bar shi, ba zan taɓa ta ba. 'Ya'yana huɗu."

Ta tambayi batun shaidu. Su biyar ne suka buga hatimi. Biyu sun mutu a yaƙin da ya ci Kaisar ɗin, ɗaya ya tsallake kogin Rhenus ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ɗaya tsufa ya kwashe masa hankali. Na biyar shi ne Leontiyus.

"Ni? Ai duk zamanin Azzalumin ina ƙauye ina jinyar ido."

"Shekara biyar?"

"Ciwo ne mai naci, iya."

"Da makauniyar idon ka yi wannan kyakkyawan rubutun?"

Bai yi dariya ba. Ya ce irin takardarta sun fi ɗari a birnin, an kuwa aika fada ana tambayar yadda za a yi da su. Amsa za ta zo idan ƙanƙara ta narke a hanyar duwatsu.

"Wata huɗu ke nan. Shari'ata gobe ce."

"Ban ce ba gobe ba ce," in ji shi, ya kira na bayanta.

Washegari zauren shari'a ya cika, yawanci masu irin matsalarta ne da suka zo ganin yadda za ta kaya. Sekundinus ya zo da barori biyu da keken shanu. Duk unguwa an san ya riga ya yi magana da wani dillalin bayi da zai tashi zuwa kudu kafin sati.

Alƙalin sabon naɗi ne, ba ya son abin da zai ja masa magana. Ya ƙi karɓar takardar, ya ƙi cewa ta ƙarya ce. Ya yanke cewa kafin amsar fada ta iso, matar za ta zauna a hannun mai ƙara.

"Ranka ya daɗe, sayar da ni zai yi."

"Idan ya sayar, sai ki kawo ƙara."

"Daga ina?"

Sekundinus ya yi murmushi. "Taho, Artula, kada ki wahalar da manya. Tsohon ɗakinki yana nan, ko shara ba a yi ba, ke ake jira."

Artula ba ta iya karatu ba, amma layin farko na takardar ta haddace shi tun ranar da aka karanta mata. Daga baya mutane suka ce dabara ta shirya. Ita ta san haushi ya fi yawa. Ta ɗaga fatar sama, ta faɗi shekarar yadda take a rubuce, da cikakken sunan mamacin da duk muƙamansa. Ta maimaita, har na bakin ƙofa suka ji.

Wani soja ya murɗe mata hannu. Alƙalin ya dubi jama'a, ya ga ba yadda zai yi ya ce bai ji ba.

"Leontiyus, rubuta laifin. Idan 'ya ce, ita za ta amsa. Idan baiwa ce, bakin baiwa na ubangijinta ne, sai a binciki gidan da ake koya mata wannan suna. Baiwar wa ce?"

Kowa ya san ma'anar binciken gida a wannan hunturun. An binciki uku a unguwar masu yumɓu, babu wanda ya koma hannun mai shi.

"Ba tawa ba ce!" Sekundinus ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Gwaggona ta 'yanta ta tuntuni, kowa ya sani. Shekara huɗu ba ta kwana gidanmu ba."

"Ɗazu ka ce gado ce," in ji alƙalin.

"Kuskure ne, ranka ya daɗe. An ruɗe ni."

"Ka rantse?"

Ya rantse. Leontiyus ya rubuta.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Bulala talatin, korar shekara uku daga Treveri, a ƙone tsohuwar takardar. Rumfarta da tukwanenta suka tafi ke nan.

Da la'asar aka kwance ta daga turke. Ba ta iya miƙewa sosai, amma ta ƙi barin harabar sai an ba ta kwafin hukuncin. Leontiyus ya kawo da kansa, ya miƙa mata daga nesa.

"Karanta mini."

Ya karanta. Artula, 'yantacciyar Marsella, bisa rantsuwar magaji.

"Ba nan ba. Layin farko."

Ya karanta shekarar. Sunan sabon Kaisar aka raɗa wa shekarar.

Ta naɗe takardar a hankali, ta cusa cikin rigarta ta wajen ƙirji, inda jini bai kai ba.

"Shi wannan ɗin, shekarunsa nawa?"

"Sha tara, aka ce."

"Sojojinsa suna son sa?"

Leontiyus ya waiga hagu da dama. "Iya, ki kama hanya kafin a rufe ƙofar gari."