Shekarar da Baba Ya Fi Kowa Rubutu

Aikina a ɗakin karatu na kwalejin likitoci ƙirga ne. An jibge mini mujallun likitanci na shekara ashirin, aka ce in fitar da wanda ya rubuta me, sau nawa, sunansa a farko yake ko a ƙarshe. Aiki ne da ba ya son tunani, shi ya sa na karɓe shi hannu bibbiyu.

Baba farfesa ne a sashen ƙoda. Taurin kansa a kan abu ɗaya yake: ba a sa sunansa a binciken da bai yi gumi a kai ba. Ya sha korar manya daga ofishinsa saboda haka. Maƙala biyu ko uku a shekara, bai taɓa wuce nan ba.

Ran Talata jadawalin ƙirgar tawa ya fito. Bara Baba yana da goma sha huɗu, ya fi kowa a kwalejin. Bara kuwa ni nake ba shi abinci a baki, tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke.

Na sake ƙirgawa da fensir. Sha huɗu ɗin ce.

Na je wajen tsohon ɗalibinsa, wanda yake riƙe da sashen yanzu.

"Ranka ya daɗe, yaushe Baba ya yi waɗannan?"

"Ƙanwata, girmamawa ce," ya ce. "Kuma mujallun nan, in ba su ga babban suna a ƙarshe ba, ko buɗe takardar ba sa yi."

"Ai dole kowane marubuci ya sa hannu."

Ya jawo durowa, ya miƙo mini fayil.

Sa hannun a karkace yake, wutsiyarsa ta yi sama. Na gane shi. Wannan tsohon ɗalibin nasa yakan zo gida dubiya da ledar lemo da 'yan takardu, ya ce na ofis ne. Ni kuma ban taɓa karantawa ba. Sai in sa biro tsakanin yatsun Baba, in dunƙule hannuna a kan nasa, in ja. Baba ya yi ta gurnani, yana ture takardar da hannunsa na hagu. Na ɗauka ciwo ne. Nakan ce, "Yi haƙuri Baba, saura ɗaya."

Na koma kujerata. Na jira in ji fushi ko kunya, ba wanda ya zo. Jadawalin ba shi da gurbin bayani, lamba kawai yake karɓa. Na bar sha huɗun, tun da sha huɗu aka buga.

Da yamma na kai masa abinci. Na kamo hannun daman zan goge masa, sai ya ɗago na hagu ya ture ni, yana kallona. Na saki.