Ruwan Gidan Ummu Na'um

A garinmu Halab, duk wanda ya haƙa rami sai ya tarar da ginin wani. Ka haƙa don ka dasa lemo, ka ci karo da rufin ɗaki. Ka ƙara haƙawa, ka ciro dutsen da ko limaman coci ba su iya karanta rubutunsa ba. Mu dai mun saba, mukan mayar da ƙasa mu kama gabanmu. Abu Fawzi mai rabon ruwa ne kaɗai ba ya iya barin rami bai san ƙarshensa ba.

Ruwan garin daga idon ruwan ƙauyen Hailan yake tahowa ta ƙarƙashin ƙasa, ya shigo ta arewa, ya rarrabu cikin bututun yumɓu. A unguwarmu akwai ɗan ɗakin dutse mai ramuka bakwai, kowanne da inda ya nufa. Shekara arba'in Abu Fawzi yana buɗe su yana toshewa, yadda ubansa da kakansa suka yi. Babu takarda, komai a kansa yake, kuma yana ji da wannan kan nasa fiye da kima. Ramin masallaci yake fara buɗewa kullum, da bisimilla mai ƙarfi don masu wucewa su ji.

Sai aka yi shekarar fari. Kogin Kuwaiƙ ya ƙafe, ruwan alwala a masallaci ya koma kamar zare. Amma a gidan Ummu Na'um, wata tsohuwa Kirista da mijinta ya rasu, ɗanta kuma ya tafi Amurka, akwai tafki a ƙasan matakala goma sha biyu wanda bai ƙafe ba. Gidan yana kan gangare, sama da masallacin kaɗan. To, mutanenmu idan ƙishirwa ta kama su, bakinsu ne yake fara aiki.

Hajji Badi'u mai unguwa ya tare Abu Fawzi a shagon gahawa.

"Abu Fawzi, ko dai ana sace maka ruwa ba ka sani ba, ko kuwa ka sani. Zaɓi wanda ya fi maka daɗi."

"Haba Hajji! Matar nan ta haura saba'in. Da me za ta fasa bututu, da allurar ɗinkinta?"

"Oho dai. Ranar Juma'a in an sauko za mu je da magina a rufe tafkin. Ta riƙa zuwa bakin kasuwa da tulu kamar kowa."

Abu Fawzi ya san gwiwoyin tsohuwar ba za su kai ta bakin kasuwa ba. Ya kuma san abin da ya fi tulu nauyi: a kira ta ɓarauniyar ruwan masallaci, a unguwar da dangin mijinta suka riga hasumiyar masallacin zama. Amma in za a faɗi gaskiya, ba tausayi ne ya fara ɗaga shi daga kujera ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, cikin ramukansa bakwai bai san ko ɗaya da ke zuwa gidanta ba. To daga ina ruwan yake fitowa?

Ya ɗauki buhun ƙaiƙayi ya nufi wajen Siyahu, Bayahude marini, wanda hannuwansa suka yi shuɗi tun kafin ya yi aure.

"Ƙaiƙayi zan rina maka? Sai kuma me, gemunka?"

"Rina dai, Siyahu. Ka sa ya yi shuɗin da makaho ma zai gani."

"In ka gano ɓarawon, ka duba mini nawa ramin. Wata biyu ke nan ruwana yana zuwa kamar mai jin kunya."

Ranar Laraba da hantsi ya zuba rabin buhun a ramin masallaci, ya tafi gidan tsohuwar ya zauna a bakin tafki. In da sata, nan shuɗin zai ɓullo. Ummu Na'um ta sauko da ƙyar, ta kawo masa gahawa da ɓawon lemo da aka dafa da sukari.

"Ci, Abu Fawzi. Na ji an ce ni ce na shanye Hailan."

"Mutane ne da surutu, Ummu Na'um."

"Su yi ta yi. Ni dai a nan aka kawo ni amarya, a nan za a fitar da gawata."

Har azahar ruwan yana nan garau. Ya ji sanyi a ransa, ya gangara masallaci don ya ga ƙaiƙayinsa. Nan ma babu ko ƙwaya ɗaya. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sai ga hayaniya daga masaukin fatake da ke bayan kasuwar sabulu. Wani Bakurde mai alfadarai ne yake ta rantse-rantse, wai an yi wa dabbobinsa asiri. Abu Fawzi ya leƙa. Alfadarai shida, kowanne da baki shuɗi shar, ga kwamin shan ruwansu cike da ƙaiƙayi.

Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Shekara arba'in ke nan yana shayar da alfadarai da bisimilla, yana tsammanin ladan masu alwala! Shi da ubansa, wataƙila har da kakan. Wani ne ya karkatar da bututun tun zamanin da ba wanda ya tuna, ya mutu da maganarsa. Da wani mai hankali ne, gida zai tafi ya kwanta. Shi kuwa wata tambayar ce ta taso masa: to masallacin, ruwan wa yake sha?

Ya koma gidan tsohuwar, ya ari fitila, ya tuɓe riga, ya cusa kansa cikin kafar da ruwa ke fitowa. Da rarrafe ya yi ta tafiya. Bangon farko irin ginin Turkawa ne. Can gaba duwatsun suka ƙara girma, ga gicciye a jikin ɗaya. Ya wuce gindin wani ginshiƙi irin na Rumawa, sannan ya iso wani ɗaki da aka sassaƙa cikin dutse, da hoton bijimi a bango wanda ruwa ya cinye wa fuska. A gindin bijimin ruwa yake tsattsafowa daga dutse, mai sanyi har haƙora. Babu bututu ko ɗaya. Ya ɗaga kai ya ji ƙarar turmi a sama, maƙwabciyar tsohuwar tana dakan nama. Ya yi dariya shi kaɗai, don daɗin ganowar ya mantar da shi alfadarai.

Da ya fito, sai ya lura da wata kafa a ɗaya gefen tafkin, wadda kowa ya ɗauka magudanar banza ce. Ya jefa tafin ƙaiƙayi ɗaya a cikinta, ya gangara masallaci yana haki. Bai daɗe da tsayuwa ba sai ga ƙaiƙayin yana juyawa a wurin alwala.

Ranar Alhamis shaiɗan ya zauna da shi sosai. Ba wanda ya gani. In ya sa magina suka shimfiɗa falalen dutse a kan tafkin, ruwa zai ci gaba da wucewa ta ƙasa, har ya ɗan ƙaru tunda tsohuwa ta daina ɗiba. Kowa zai ce Abu Fawzi ya kama ɓarauniya. In kuwa ya buɗe baki, har ya mutu sunansa mai shayar da alfadarai. Ya san mutanen Halab, ba sa yafe abin dariya. Ko abincin rana bai iya ci ba.

Da safiyar Juma'a ya kai wa Ummu Na'um sauran buhun.

"In kin ji kiran salla na farko, ki juye shi duka a tafkin."

"In ɓata ruwana da hannuna?"

"Ki dai juye, don Allah."

Masallaci ya cika, mutane sun yi layi a wurin alwala. Hajji Badi'u ya tara hannu zai wanke fuska, sai ya ja da baya.

"Subhanallahi! Mene ne wannan?"

"Ƙaiƙayi ne, Hajji, mai tsarki ne, yi alwalarka," in ji Abu Fawzi. "Daga gidan Ummu Na'um ya taho. Idon ruwa ne a ƙarƙashin gidanta. Ba ta taɓa shan namu ba, mu ne muke alwala da ragowar nata."

"To ramin da kake buɗewa kullum fa?"

"Na alfadarai ne."

Dariyar da aka yi har masu shaguna suka leƙo. Ya tsaya ya shanye ta duka, kansa a sunkuye, kunnuwansa kamar garwashi.

Bayan an sauko, Hajji Badi'u ya sallami magina, ya je gidan tsohuwar tare da liman da Abu Fawzi, suka tsaya a bakin matakala suna neman ta inda za su fara. Tsohuwar ta saurari bayanin Abu Fawzi har ƙarshe, sai ta nemi wuri ta zauna.

"Ina amarya," in ji ta, "na sauko da tulun giya zan ɗauraye a nan. Surukata ta make mini hannu har ya kumbura. Ta ce a gidan nan ba a kusantar da giya ga tafkin nan, ba a sa masa sabulu, ba a kuma ɗiba ranar Juma'a sai bayan azahar. Na ce me ya sa? Ta ce ita ma haka tata surukar ta ce, akwai masu amfani da ruwan a ƙasa. Shekara hamsin da huɗu ban saɓa ba, ko ina zazzaɓi. Ni fa na ɗauka aljanu ne."

Ta dubi liman, ta dubi Hajji Badi'u, idonta ya ciko.

"Ashe ku ne."