Irin da ya kwana a firji

…wai sai ya sha sanyi kafin ya tsira. Iri. A Illela. Hindatu na tsaye gaban firji, ƙofa buɗe, robar jiƙaƙƙen yashi a hannunta. Tun kaka abin nan ke kwance tsakanin gorunan zoɓonta kamar majinyaci a gadon asibiti.

Mijinta Muhyiddeen ne ya tsinto shi a bakin titi, can Turkiyya, da ya je sarin abaya. Abin da masu sharar garin ke kwashewa… shi ya naɗo a safa, ya hau jirgi da shi. Ja, mai sheƙi kamar goro, amma ko akuya ba a ba ta, wai dafi gare shi. Itacen da ba a cin 'ya'yansa, amfaninsa mi ne? Fure. Dattijo da furfura a gemu, yana tura mata waya a fuska: "Dubi furen, Hajiya. Ranar da ya tsira, kurnar nan za ta tashi, wurinta ya fi danshi."

Kurna. Ga ta can tsakar gida, inuwarta har bakin madafa. Wa ya taɓa ba ta ko moɗa guda? Jikinta Hindatu ta rungume ranar da naƙudar haihuwar 'yarta Farida ta taso mata, ɓawon ya kankare mata goshi… Shi yana ina? Kasuwa. Yau ma ya ƙetara iyaka zuwa Ƙonni.

Ga irin kuwa ya fashe. Farar saiwa ta leƙo, 'yar mitsitsiya, kamar tsutsa.

Ruwan shayi na tafasa a kan wuta. Ludayi ɗaya a kan irin — shi ke nan. Ta mayar da roba, ta ce ita ba ta san komai ba. Ko ta bar wa bazara aikin? Rana guda ta Afirilu ta ishe shi. Sai dai kafin nan gatari ya gama nasa, mai gidan ya ɗaga kafaɗa, "Allah bai nufa ba," ya tsinto wani shirmen…

Yashin da danshi. Ta murza shi da yatsa. Danshi? Mutumin da ko makon farko bai cika ba ya manta da robar nan? To wa ke yayyafa mata ruwa kowace safiya, in an zo jera zoɓo? Wa ke jera zoɓo in ba ita ba?

Hannunta ya yi sanyi. Murfin tukunya na ta rawa. Ba ta motsa ba.