Baƙaƙen Layuka a Falonmu

Shekara talatin da shida mijina yana shimfiɗa wa mutane tayil, amma duk aikin da ya yi babu wanda yake taƙama da shi kamar na falonmu. Farare ne manya-manya, ya haɗa bakinsu har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. In baƙo ya shigo, kafin a ba shi ruwa sai Malam ya ce, "Nemo mini mahaɗar." Bawan Allah ya duƙa ya yi ta shafa ƙasa, shi kuwa yana tsaye yana murmushi. Ƙafafun kujeruna ma safa ya sa musu. Wallahi safa, irin ta mutane! Ranar da murfin tukunya ya suɓuce mini a wurin, kwana biyu ina gaishe shi yana amsawa da ka.

Sai ga ciwon nan ya zo, wanda likita ya ce sunansa Fakinson. Da rawar hannu ya fara, muka ce gajiya ce. Ni rawar ba ta dame ni ba kamar kafewar. Zai fito daga ɗakin kwana lafiya lau, yana taka falo sai ƙafafun su manne da ƙasa kamar an zuba musu siminti. Jiki yana son gaba, ƙafa ta ce ba inda za ta. Sau biyu yana faɗuwa, na biyun har goshi ya fashe.

Babban ɗanmu, wanda muke kira Manaja tun yana shekara shida saboda son ba da umarni, ya zo ya ga filasta a goshin ubansa, ya yanke hukunci a tsaye.

"Ƙarshen wata zan zo da mota da keken guragu. Ku koma wajena, a rufe gidan nan."

"Gidan da na gina da hannuna?" in ji Malam. "Ba inda za ni."

"To Baba, mu yi haka. Ranar da na zo, in ka taso daga ɗaki ka buɗe mini ƙofa da kanka, ba wanda ya riƙe ka, na janye maganata."

Na harari Manaja, amma a raina na san tsoro ne yake cin sa. Ni ma shi yake ci na.

Matar da ke ba mu magani a asibiti ce ta gaya mini akwai wata ƙungiya mai taimaka wa masu wannan ciwo. Talata da Alhamis da safe suna taruwa a wani zaure bayan asibitin, a motsa jiki, a yi hira, kuma kyauta ne. Malam ya ce shi ba zai je a riƙa tafa masa kamar ɗan firamare ba. Na ce ai ko ba a tafa maka ba za ka je. Na goge masa riga, na tsaya a kansa har ya sa.

Mun tarar da mutum goma sha wani abu suna ɗaga hannu sama, wata malamar motsa jiki, doguwa mai fara'a, tana ƙirga musu. Malam ko kallonsu bai yi ba. Ƙasa yake kallo.

"Wane mugu ne ya yi wannan aikin?"

"Malam, don Allah ka rufa mini asiri," na ce.

Ina! Tayil ɗin zauren ƙanana ne, tsakanin kowane biyu akwai baƙin layi mai faɗin ɗan yatsa. Ya saki hannuna ya nufi malamar. "'Yata, zo ki ga ɓarna. Dubi nan, wuƙa za ta shige. Dubi can, ya karkace. Wannan ko ma'aunin daidaito bai ɗora ba." Yana tafe yana nunawa, tana biye da shi, tun daga bakin ƙofa har tagar ƙarshe. Ni dai na tsaya riƙe da jaka, baki buɗe.

Sai da ya gama zagin mai aikin tas, sannan ta ce, "Baba, ka lura ka ratsa zauren nan kaf ba ka kafe ba?"

Ya waiga ya dubi inda ya baro ni.

Ta yi mana bayani. Ta ce da yawa daga masu ciwon nan, in ido ya ga layi a ƙasa, ƙafa takan sami abin tsallakewa sai ta ɗaga. In wuri ya zama fili fetal babu alama, a nan take rikicewa. Ta juyo wajena. "Mama, yaya daɓen gidanku yake?"

Allah Ya yafe mini, dariya ta ƙwace mini har da hawaye.

Washegari malamar ta zo da kanta da shuɗin salatif. Ta durƙusa ta manna layi-layi daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar waje, ya taka ya wuce sumul. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe da saura. Bayan kwana biyu na fito daga kicin na tarar ya ɓamɓare su duka, ga shi a tsakiyar falo a kafe, salatif a dunƙule a hannunsa.

"Na uku da na bakwai a karkace suke," ya ce. "Bakinsu kuma ya fara tashi."

Nan fa na fashe. "Karkace? Kai da ake shirin ɗauka a keke kana maganar karkace! Shekara nawa ina goge falon nan kamar madubi, yau shi zai kore mu daga gidanmu? Ni tsoro nake ji, Malam, ka ji na faɗa maka. Ba na son in wayi gari a ɗakin baƙi na gidan ɗana, ina kallon ka kana kallon bango."

Ya ce, "Miƙo ƙafarki gabana." Na miƙa, ya tsallake ta, ƙafafunsa suka saki. Ya wuce ɗakin ajiya, na ji yana jawo akwatin kayan aiki.

Malamar ta dawo ta auna takunsa, ya sa ta sake aunawa sau uku. Ta kafa masa sharaɗi: a zaune zai yi aikin, sai lokacin da magani ya kama jikinsa, kuma ni ce mai kunna injin yanka da kashewa. Haka na zama lebura da tsufana. Ni riƙe igiya, ni kwaɓa siminti, ni shan faɗa. "Ja ta miƙe! Ke ba ki ga ta yi ciki ba?" Abin mamaki, hannun nan da ke rawa in yana zaune, yana kama injin sai rawar ta lafa.

Lokacin da bakin injin ya shiga farin tayil ɗin nan, ni ce na kau da kai. Shi ko gezau. Kwana tara muka yi. Ya tsaga layi goma sha ɗaya, ya dasa siririn baƙin tayil a kowane, ya shafe har farce ba ya kamawa. Da malamar ta gani, cewa ta yi akwai mutum huɗu a ƙungiya da ke kafewa a gidajensu. Ya ce ta rubuto masa sunayensu.

Ranar ƙarshen wata Manaja ya ƙwanƙwasa. Ina kicin, na riƙe bakin murhu don kada ƙafata ta kai ni. Na ji ƙarar gado, na ji taku. Ina ƙirgawa a raina har goma sha ɗaya, sai na ji sakata ta buɗe.

"Sannu da zuwa, Manaja. Cire takalmi."

Na leƙo. Yaron yana tsaye riƙe da keken a naɗe, yana kallon ƙasa, idonsa ya cika. "Baba, falonka ka yanka?"

"Nawa ne ai. Shigo da keken, ya zo a daidai. Jibi ina da aiki a gidan wani tsohon direba ɗan ƙungiyarmu, uwarka ta gaji da ɗaukar akwatin kayan aiki."

Manaja ya yi dariya yana share ido. Can ya hango ɗaurin baƙin tayil a jingine bayan kujera, ya ce, "Waɗannan fa? Ragowa ne?"

"Ba ragowa ba ne," in ji Malam. "Malama ba ta ɓoye mini ba, takun nan zai riƙa gajarta. In ya gajarta sai in ƙara layi a tsakani. Na riga na auna wurinsu."

Ya juyo ya dube ni. "Ke kuma ki adana igiyar nan, kada ki yi mini shanya da ita."