Jar Robar da ta Nemi Gemun Alƙasum

Shekara talatin Malam Alƙasum yana liƙin roba a bakin kasuwar Zango ta Damagaram. Buta, bokiti ko silifa, da zarar ya ɗora musu ƙarfen da ya gasa a gawayi, sai su narke su haɗe. Har ya sha faɗa a gaban jama'a cewa ranar da wata roba ta gagare shi, a aske masa gemu.

Wata Alhamis da hantsi sai ga taubashinsa Dodo, makaniken wani gidan burodi, riƙe da jar roba mai kama da igiya, wadda ta tsinke biyu. A bayansa kuwa Adam wanzami ne, da zabirarsa.

"Bawana, liƙe mini wannan," in ji Dodo.

"Bawan wa? Miƙo nan, maƙaryaci."

Alƙasum ya danna ƙarfe. Robar ba ta narke ba, ko ƙauri ba ta yi ba. Ya ƙara fifita wuta har ƙarfen ya yi jajir, ya sake dannawa, ba abin da ya samu sai ɗan farin toka. 'Yan kabu-kabu suka kashe babura suka kewaye rumfar. Adam ya fara wasa aska, Alƙasum kuwa ya ji hannunsa ya kai ga gemu ba da saninsa ba.

Daɗi ya kwashe Dodo, ya shiga bayani. "Sunanta silikon! A bakin ƙofar tanderunmu take wuni, wuta ba ta dame ta ba. Daga yashi ake samo sinadarinta, a cuɗa, a zuba a mazubi, a gasa. In ta gasu sau ɗaya, ba ta sake narkewa."

Alƙasum ya ajiye ƙarfen a hankali.

"Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Daga ƙasa aka ɗebo ta, aka cuɗa, aka gasa, ba ta kuma narkewa. A Damagaram me muke kiran wannan?"

"Tukunya!" in ji wata mai fura.

"To ni ban taɓa rantsuwa a kan tukunya ba. Dodo, hau mota ka kai wa maginan tukwane na garin Mirriya."

Rumfa ta kaure da dariya. Dodo ya yi ta rantsuwa cewa roba ce, ba wanda ya saurare shi. Adam kuwa ya ce shi ba a kiransa ya koma da aska a bushe, ya dubi gashin bakin Dodo. Mutum biyu suka zaunar da Dodo a benci, Alƙasum da kansa ya ɗebo ruwan jiƙawa.