Sawun Kaza a Jikin Inji

Tun daga bakin lungu Hafizu ya ji warin fetur, ya san ba lafiya. Da ya iso gaban shagonsu na gyaran injuna a Ƙofar Wambai, sai ya tarar da kejin ƙarfen da suke kulle kaya a ciki a wangale. An datse sarƙar, kwaɗon kuwa yana nan rataye a kulle, ko taɓa shi ba a yi ba. Baƙin mai ya malale har cikin kwata. An farke wa janaretoci ciki an zare wayar jan ƙarfe, an bar ɓawon. Wanda ya ƙi kwancuwa an sa masa guduma.

Bappa Sabitu, ƙanin mahaifinsa kuma mai shagon, yana zaune a kan benci da carbi a hannu, yana amsa jajen maƙwabta.

Hafizu bai gaida kowa ba. Ya tsallake man ya shiga kejin yana ture tarkace da ƙafa, har ya ga abin da yake tsoro. Injin markaɗen Maman Gift ne, wanda ya wuni jiya a kansa. An fasa shi, an cire kai da kafireta da duk wani ɓangare na alminiyam. Jan tankin ne kawai ya rage, a lotse.

"Bappa, ka gani?" ya ce. "Ka ga abin da nake faɗa maka?"

"Allah ya ƙaddara, Hafizu."

"Allah ya ƙaddara, mu kuma muka buɗe musu hanya! Shago cike da gawarwaki har bakin ƙofa, masu rai kuma suna kwana a waje."

Abin da yake nufi kowa ya sani. Tun da fetur ya yi tsada mutane suka koma sola, janaretoci suka taru a shagon. A kawo gyara, a gyara, mai shi ya ƙi dawowa. Ka buga waya ya ce ai ya sa batir, zai turo a ɗauka. Ba mai turowa. Hafizu ya yi magana har ya gaji, a fitar da su a samu wuri, Bappa ya ce amana ce, ba zai taɓa kayan mutane ba.

"Ka rage murya," in ji Bappa. "Ba a titi na raine ka ba."

Kafin Hafizu ya amsa, keke ya tsaya, Maman Gift ta sauko. Sunanta Paulina, tana da injin markaɗe a unguwar Ɗan Iya, kuma a cikin masu kawo musu aiki a kai a kai ita kaɗai ta rage. Ta leƙa kejin, ta dafe kai.

"Yesu! Bappa, wannan injina ne?"

"Sai haƙuri, Maman Gift."

"Haƙuri zai markaɗa wake? Mata masu ƙosai suna can sun ajiye mini bokiti tun jiya. Hafizu, kai ka ce mini yau da safe."

"Na ce."

"Ɗana Zakka kullum yana ce mini, Mama ki bar wannan abu mai hayaƙi, a sa miki injin lantarki mai aiki da sola. Ni ce nake cewa a'a, ina da Bappa. To ga shi. In yamma ta yi ban ji ƙarar inji a gidana ba, zan kira shi. Kada ku ce na yi muku butulci."

"Za ki ji," in ji Hafizu.

Ta dube shi, ta dubi tankin, ta koma cikin keken.

Ya san inda irin wannan kaya yake zuwa. Bayan Kasuwar Muda Lawal akwai filin 'yan jari bola, inda ake auna tsohon ƙarfe a sikeli, a gefe kuma masu narka alminiyam suna zuba tukwane. Kuma yana da shaida. Duk injin da ya wuce ta hannun Bappa, sai ya ɗauki kurfi da guduma ya buga masa 'yar alama kusa da murfin mai, layuka a ware kamar sawun kaza. Da ita suke gane aikinsu in wani ya dawo yana ƙorafi. Hafizu ma da ita ya taso, shi ya buga wa injin Maman Gift tata.

Ya soke babbar sifana a aljihun baya. Bappa ya kira shi, ya sake kira, bai juya ba.

Filin yana ta hayaniya: ana sauke baro, ana dukan ƙarfe, hayaƙin masu tukwane yana shiga ido. Hafizu bai yi sallama ba. Ya nufi tarin injuna da ke jikin katanga, ya tsuguna ya goge na farko da babban yatsa. Sawun kaza. Ya jawo na ƙarƙashinsa ya goge. Sawun kaza. Ya sake jawo wani. Shi ma haka.

"Kai! Kai mai baƙar riga! Gonar ubanka ce?"

Mai filin ne, Badruddeen, wanda ake kira Badaru, ƙaton mutum da tawul a wuya. Hafizu ya miƙe ya tare shi, ya cakumi wuyan rigarsa da hannu biyu.

"Ɓarawo! Kai ne kake turo su! Ga alamarmu nan a jikin kayanka, ka ce ƙarya nake!"

Dukan ƙarfe ya tsaya. Yaran filin suka taso, wani da rodi, wani da guduma. Wani ya zare sifanar daga aljihun Hafizu kafin ma ya tuna da ita. Badaru ya ɗaga musu hannu, sannan ya kama yatsun Hafizu ya ɓamɓare su daga rigarsa, bai ko yi nishi ba.

"Yaron Sabitu ne ko? Na ga kama. Wace alama?"

Hafizu ya nuna masa. Badaru ya duba, ya kwashe da dariya, dariyar da ta fi mari zafi.

"Wannan zanen? Ai rabin injunan da ke shigowa nan suna da shi. Na ɗauka daga kamfani yake zuwa! Zo nan, jarumi. Wannan koren, na wane ne?"

Hafizu ya duba da kyau. Ya san shi. Janaretan Malam Umar tela ne, har da wayar da ya ɗaure hannunsa da ita.

"Shi da kansa ya kawo shi a keke," in ji Badaru. "Ya ce ɗakinsa ya tare masa. Wancan na mai aski ne na bakin kasuwa. Wancan shuɗin kuma na Fortune mai wankin mota, ya sa famfon lantarki, ya ce ko kyauta ne in ɗauke. Je ka tambaye su. Ko su ma ɓarayi ne, sun saci kayansu?"

Yaran suka bushe da dariya. Hafizu ya tsaya yana kallon tarin. Babu alamar guduma a jikinsu, babu wanda aka farke wa ciki. Lafiyarsu ƙalau aka kawo su. Malam Umar da yake wucewa kullum ya ɗaga wa Bappa hannu. Fortune da ya zauna a bencinsu yana shan ruwan sanyi lokacin da Hafizu yake sa wa wannan shuɗin sabon fistin da ringi, damina ba ta ma kewayo ba tun daga nan.

"To namu na jiya fa?" ya ce. "Wanda aka fasa?"

Badaru ya nuna masu tukwane da haɓa. Wani tsoho yana tsiyaya farin ruwan ƙarfe a cikin ƙasa, sababbin tukwane jere a gefensa suna huci.

"Ni ban saya ba. In wani ya saya, tun da sassafe suke hura wuta. Je ka duba gindin tukunya ko za ka ga kazarka."

Hafizu ya ji kamar ya kifar da tukwanen duka, ya taka sikelin, ya cinna wa filin wuta. Ya rasa wanda zai daka. Sai ya kai wa tarin shuri, shuɗin injin ya gangaro ya tsaya a gabansa. Ya tsuguna, ya taka shi da ƙafa, ya ja igiyar a hankali. Ta zo, ta zo, sannan ta cije, ta ja hannunsa baya. Ya san wannan cizon, da hannunsa ya sa shi. Irin na markaɗe ne sak, bel kawai za a ɗaura.

"Wannan yana da rai," ya ce.

"Ni ban san rai ba, nauyi na sani."

"In na kawo maka ƙarfe fa? Ka auna, ka ba ni shi."

"Wannan alminiyam ne, yaro. Baƙin ƙarfe sai ka cika mini baro ya yi tozo. Kuma ka fara ba rigata haƙuri."

Hafizu ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri."

"Ban ji ba, guduma ta kashe mini kunne."

"Na ce ka yi haƙuri!"

Da ya koma shago bai taɓa ɓawon janaretocin mutane ba, don ya san Bappa zai kwanta a kai. Ya ɗauko zarto ya hau kan kejin. Bappa ya miƙe.

"Me kake yi? Da hannuna na haɗa kejin nan!"

"Me ya tsare, Bappa?"

Ya ci gaba da yanka. Can yana haki ya gaya masa abin da ya gani, da na Malam Umar, da na mai aski, da na Fortune. Bappa ya saurare shi har ya gama. Ya juya ya daɗe yana kallon cikin shagon, inda amanarsa take jibge har rufi. Sannan ya ajiye carbin ya zo ya riƙe masa ƙarshen rodin.

La'asar ta wuce lokacin da Hafizu ya sauke shuɗin injin daga keke a ƙofar gidan Maman Gift. Mata suna zaune a inuwa da bokitai, waken wasu har ya fara tsami. Ya ɗora injin a kan ƙafafun ƙarfen abin markaɗen, ya ɗaure kusoshi, ya ja bel.

"Wannan ba nawa ba ne," in ji Maman Gift. "Nawa ja ne."

"Naki ya zama tukunya. Wannan daga bola na tsinto shi, amma ni na gyara shi. Duba nan." Ya goge wurin da yatsa, sawun kazar ya fito.

Ta sunkuya ta duba, ta gyaɗa kai. "To madalla, ka cika magana. Amma Hafizu, kada in ɓoye maka, Zakka ya kira ni ɗazu. Ya ce in Kirsimeti ta zo, ko ina so ko ba na so, shi dai zai..."

Hafizu ya fizgi igiyar da duk ƙarfinsa. Injin ya tashi da ruri, hayaƙi ya turnuƙe, awaki suka watse. Bakin Maman Gift yana motsi, ba ya jin komai. Ya ƙara masa wuta har bokitai suka fara rawa a ƙasa, ya miƙa hannu ga matar da ke gaba.

"Kawo waken!" ya daka mata tsawa.