Geron Gado

Shekara goma sha tara Gado ya yi yana jan mota tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi, wani lokaci ya leƙa Zurmi idan hanya ta yi lafiya. Da man fetur ya tashi, fasinjoji suka gwammace su tsaya bakin tasha suna zagin tsada da su shiga mota, sai ya sayar da tsohuwar motarsa ya dawo gida da kuɗin cikin leda.

Sirajo, wani dillalin hatsi a kasuwar Shinkafi, shi ya ba shi shawara. "Gado, kuɗi yanzu ƙanƙara ne, kana riƙe da su suna narkewa. Zuba su cikin gero ka koma ka kwanta. Wanda ya aje bara, yau yana gina bene."

Gado bai tambayi dalilin da ya sa shi Sirajo har yanzu yake gidan haya ba. Da kaka ta yi ya sayi gero buhu arba'in, ya jibge su a ɗakin da ke jikin zaure, ya sayo kwaɗo mafi araha a kasuwa ya garƙame, don mai jari dole ya san tattali.

Tun daga nan ya zama wani mutum. A teburin mai shayi, idan aka yi kukan tsada aka ce Allah ya kawo sauƙi, amin ɗin Gado ba ta wuce haƙoransa. In ya ji an ce manoman gefen Zurmi ba su samu shiga gonakinsu ba, sai ya girgiza kai da tausayi sosai, ya kuma ce a ƙara masa madara.

Matarsa Rekiya ta same shi wata safiya. "Malam, geron gida ya ƙare. A buɗe buhu guda."

"Wane buhu? Wanga ba abinci ba ne, jari ne. Ana cin jari?"

"To mi za mu ci?"

"Ki aika kasuwa kamar kowa."

Haka aka yi. Duk mako sai ya miƙa mata kuɗin tiya biyar, yana faɗin cewa 'yan kasuwar Ƙaura ba su da tsoron Allah. Yana gama faɗi sai ya fita zaure ya shafa ƙofar ɗakin geronsa.

Farashi kuwa ya yi ta hawa. Ana gab da faɗuwar damina Sirajo ya zo masa da wani mai saye daga Zurmi, ya taya kusan ninki biyu. Gado ya yi dariya irin ta manyan attajirai, wadda ya ɗan jima yana koyo. Ya ce su dawo tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka bushe, sa'annan a yi maganar manya.

Tsakiyar damina ta zo da nata labarin. Aka fara cewa an shigo da hatsi daga waje, ruwa kuma ya yi kyau, masu ajiya suka firgita suka fito da nasu a lokaci guda. Farashi ya sauko. Gado ya kira Sirajo.

"Kada ka damu, kasuwa ce ke miƙa. Za ta tashi."

Kasuwa ta gama miƙa ta kwanta. Bayan mako uku Sirajo ya daina ɗaukar waya, aka ce ya koma dillancin kankana. Da sabon gero ya fara shigowa, Gado ya nemo mai saye da kansa, a farashin da bai kai wanda ya saya ba, mutumin ma yana yi kamar taimakonsa yake yi.

Masu dako suka fara fitar da kaya. Buhunan gaba suka fita da nishi da gumi. Da aka isa layin baya, sai ɗaya daga cikin masu dakon ya ɗaga buhu da hannu guda, ya dubi Gado. Aka farke baki. Ƙaiƙayi ne. Aka farke na biyu, ƙaiƙayi. Buhu goma sha takwas, babu abin da kaza za ta tsaya a kai.

Gado ya faɗa cikin gida hula a hannu. Rekiya na zaune a tabarma tana tsinke zogale.

"An yi mani sata! An kashe ni!"

"Ba a yi maka sata ba, Malam. Saye aka yi."

"Wa ya saya?"

"Kai ne na farko. Tiya biyar duk mako, kuma ba ka taɓa cewa furar ba ta yi daɗi ba. Sauran maƙwabta ne. Na rage musu kaɗan a kan na kasuwa, har da gyara nake yi musu, kullum suna sa maka albarka ba ka sani ba."

"Ta ina kika shiga?"

"Makullin akwatina yana buɗe kwaɗonka. Na kicin ma yana buɗewa."

Gado ya nemi wuri ya zauna a kan turmi. Ya so ya yi faɗa, faɗan da unguwa za ta daɗe tana labari. Amma tambaya ɗaya ta riga faɗan fitowa.

"Yaushe kika sayar?"

"Lokacin da kake wa mutumin Zurmi dariya."

"Kuɗin fa?"

"Suna Sakajiki wurin Yaya Uwani, suna cin ciyawa. Tumaki tara da raguna huɗu. Biyu sun haihu."

Ya daɗe yana kallon zogalen. A duk cikin masu ajiyar geron da ya sani daga Ƙaura har Shinkafi, mutum ɗaya ne ya sayar a kan lokaci, kuma ba ta taɓa zama da dillali ba.

"Amma dai kin san haramun ne taɓa kayan miji ba izini," ya ce a hankali, don kada a tashi bai ce komai ba.

"Na sani. Ka yafe mani, Malam." Ba ta ɗago kai daga zogalen ba.

Ya yafe, tunda mai sayen na jira a waje. Ya sallamar da buhu ashirin da biyun da suka rage, kuɗin ba su kai na mota ba, ko rabinta. Da Layya ta matso Rekiya ta sa aka sayar da raguna uku, ta cika masa ya sayi mashin na hannu, ya shiga kabu-kabu.

A teburin mai shayi Gado yakan ba da labarin cewa shi ne ya hango faɗuwar gero tun da wuri, ya karkatar da rabin jarinsa zuwa kiwo. Mutane suna jinjina masa, har waɗanda matansu suka yi wata shida suna awo a bayan gidansa.

Duk Juma'a da hantsi yakan ɗaura buhun dusa a mashin ya kai Sakajiki. Rekiya tana biyansa kuɗin kai kaya kamar kowane ɗan kabu-kabu, bayan ta yi ciniki ta rage.